Shin Buɗaɗɗun Manhajoji Za Su Fisshe Mu, Ko Kuwa Sauya Wahala Ce Kawai?

Malam Habibu, Gusau

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar masana da ke wannan zaure a kan wata magana da ta raba kan kwamitinmu gida biyu. Ni ma'aikaci ne a ofishin magatakarda na wata kwalejin koyar da aikin lafiya, kuma an sanya ni cikin kwamitin da zai duba makomar ɗakin kwamfutocinmu da ta manhajar da muke adana bayanan ɗalibai da sakamakon jarrabawa a cikinta. Kwamfutocin sun kai sittin, amma tsofaffi ne, yawancinsu ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba, ga shi kamfanin Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Shi kuma kamfanin da ya sayar mana da manhajar bayanan ɗalibai da dala yake lissafin kuɗin sabunta lasisi, alhali kowa ya san abin da ya sami naira tun daga Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ta haura 1,500 a farkon 2024.

Wani matashin malami a cikinmu ya kawo shawarar mu koma kan buɗaɗɗun manhajoji, wato a ɗora Linux, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, a madadin Windows a kan tsofaffin kwamfutocin, a maye gurbin Word da Excel da LibreOffice, sannan a nemi wata manhajar ta adana bayanan ɗalibai wadda ba a biya mata lasisi. Ma'ajin kwalejin kuwa ya ce araha ba ta ado, kuma abin da ba a saya da kuɗi ba babu wanda za a kama idan ya lalace. Ni dai na tsaya a tsakiya, domin kowannensu idan ya yi magana sai in ji kamar shi ke da gaskiya.

Tambayata ita ce, mene ne ainihin amfanin waɗannan manhajoji ga ƙasashe masu tasowa irin namu, bayan zancen sauƙin kuɗi da ake yawan yi? Akwai inda aka gwada su a aikin gwamnati ko na makaranta suka ɗore, ko kuwa magana ce ta masu sha'awar kwamfuta kawai? Zan fi son jin ta bakin waɗanda suka yi aiki da su da hannunsu.

Injiniya Bashir, Kaduna

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Kowace manhaja tana da rubutun tushe, wato jerin umarnin da masu ƙirƙirarta suka rubuta domin gaya wa kwamfuta abin da za ta yi. A rufaffiyar manhaja ba a nuna maka wannan rubutu, ana ba ka izinin amfani ne bisa sharuɗɗan kamfani. A buɗaɗɗiya kuwa lasisin da kansa ne ya yarje maka ka yi amfani da ita, ka karanta tushenta, ka sauya abin da bai dace da kai ba, ka kuma raba wa wasu. Richard Stallman ne ya ɗauko wannan tafiya da shirin GNU a 1983, sannan Linus Torvalds ya fitar da Linux a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. Ka gaya wa ma'ajinku cewa idan wayar da ke aljihunsa Android ce, to a kan Linux aka gina ta, haka nan akasarin manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet. Ba kayan maneji ba ne da aka ware wa matalauta.

Game da kuɗi, ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yawancin kwamfutocin da ke ofisoshinmu da makarantunmu ba a taɓa biya musu lasisin Windows ko na Office ba. An kai su wurin mai gyara ne ya ɗora musu na sata daga filashinsa, aka ba shi kuɗin aiki. Saboda haka idan aka ce komawa Linux zai rage wa makaranta miliyoyi, sau da yawa miliyoyin da ba a taɓa kashewa ba ake lissafawa. Abin da ake samu na zahiri shi ne fita daga haramtacciyar hanya da kuma haɗarinta, domin manhajar sata ana yawan toshe mata hanyar sabuntawa don kada asiri ya tonu, kwamfutar da ba a sabunta ta kuwa ƙofarta a buɗe take. A Mayun 2017 cutar kwamfuta ta WannaCry ta bi kwamfutocin Windows waɗanda ba a yi wa gyaran tsaro ba, ta kulle fayiloli a ƙasashe fiye da ɗari, har ta durƙusar da aiki a asibitoci da dama na Birtaniya. Tsofaffin kwamfutocinku kuma, matuƙar suna da ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 4, za su ɗauki nau'o'in Linux irin su Linux Mint ko Lubuntu su yi aikin rubutu da lissafi da binciken intanet ba tare da gardama ba, musamman idan aka cire musu tsohon faifan ajiya aka sanya SSD, wato ma'ajiyar zamani mai sauri, wanda kuɗinsa bai kai kashi ɗaya bisa biyar na sabuwar kwamfuta ba.

Amma a ganina babbar riba ba a nan take ba. A farkon shekarun 2000 wani ɗan majalisar ƙasar Peru mai suna Edgar Villanueva ya gabatar da ƙudurin doka na tilasta wa hukumomin gwamnati amfani da buɗaɗɗun manhajoji, reshen Microsoft na ƙasar ya rubuto masa takardar ƙorafi, shi kuma ya mayar da martani a wata wasiƙa da ta zaga duniya. Abin lura shi ne bai kafa hujja da araha ba. Ya kafa ta ne da cewa bayanan da hukuma take riƙe da su na jama'a ne, don haka dole ɗan ƙasa ya iya isa gare su ba tare da ya sayi kayan wani kamfani ba, dole su ɗore ko da kamfanin ya rushe ko ya sauya ra'ayi, kuma dole hukuma ta iya bincikar abin da manhajar take yi da su a ɓoye. Ka auna wannan da halin da kuke ciki. Sakamakon ɗalibanku na shekaru yana cikin rumbun da wani ne kaɗai ya san tsarinsa, tamkar mutumin da ke zaman haya a gidan da mai gida ne yake riƙe da makullin ɗakin da takardun gadonsa suke. Ranar da kuka kasa biya, ba manhaja kaɗai za ku rasa ba.

Wannan bai tsaya ga makarantu ba, har ƙasashe yana samu. A Oktoban 2019 kamfanin Adobe ya sanar da masu amfani da kayansa a Benezuwela cewa zai rufe musu asusu saboda takunkumin Amurka, sai daga baya ya sami izinin ci gaba da hulɗa da su. 'Yan'uwanmu da ke Sudan sun zauna ƙarƙashin takunkumin kasuwanci na Amurka daga 1997 zuwa 2017, a lokacin da sayen lasisin manhaja ta halastacciyar hanya ya zama abu mai wuya ko ga jami'a. Manhajar da tushenta yake hannunka babu mai kashe maka ita daga nesa.

Hajiya Rabi, Kano

Malam Habibu, tunda kwalejinku ta aikin lafiya ce, amsar tambayarka tana cikin ofisoshin da ɗalibanku za su je aiki bayan sun kammala. Na daɗe a sashen tattara bayanan lafiya, kuma zan iya cewa duk ƙarshen wata aikinmu a kan buɗaɗɗiyar manhaja yake tafiya, ko da yake da yawa daga cikin ma'aikata ba su san haka ba. Ma'aikaciyar ƙaramin asibiti takan zauna da rajistocinta, ta awon ciki da ta rigakafi da ta haihuwa da ta marasa lafiyar da ba a kwantar ba, ta ƙirga ta cike takardar taƙaitaccen rahoton wata. Takardar takan isa hannun jami'in bibiya na ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar da alƙaluman cikin DHIS2, wato buɗaɗɗiyar manhajar tattara bayanan lafiya, daga nan jiha da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya su gani. Idan adadin yaran da suka karɓi allurar farko a wata mazaɓa ya yi nisa da na waɗanda suka karɓi ta uku, a kan allon nan ake fara ganinsa.

Asalin wannan manhaja daga Afirka ta Kudu ne a shekarun 1990, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, lokacin da ake ƙoƙarin haɗe hukumomin lafiya da aka rarraba bisa launin fata su koma tsari guda. Masu bincike na Jami'ar Oslo ta Norway da takwarorinsu na can suka fara ta ƙarƙashin wani shirin inganta bayanan lafiya mai suna HISP. Sabon zubinta, wato DHIS2, an fara aiki da shi a jihar Kerala ta Indiya a 2006, yau kuma ƙasashe fiye da 70 ne suke amfani da shi, ciki har da Nijeriya da Nijar da Ghana. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda gyaran da wata ƙasa ta yi yake isa ga saura. A farkon 2020 masana a Sri Lanka suka tsara wani sashe a kan DHIS2 domin bibiyar matafiya da masu ɗauke da cutar korona cikin 'yan kwanaki, aka ɗauki aikin nasu aka daidaita shi, ƙasashe da dama suka ɗora a nasu tsarin. Da rufaffiyar manhaja ce, da kowace ƙasa sai ta rubuta wa kamfani, ta jira farashi, ta jira kwangila, annoba kuwa ba ta jiran kowa.

Akwai kuma wadda aka haifa a nan gida. Bayan cutar Ebola ta shigo Legas a 2014, masana lafiyar jama'a na Nijeriya tare da cibiyar binciken cututtuka ta Helmholtz da ke Jamus suka ƙirƙiri SORMAS domin bibiyar masu cuta da waɗanda suka yi mu'amala da su. A 2016 aka mayar da ita buɗaɗɗiya, hukumar yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta yi aiki da ita a ɓarkewar cututtuka irin su ƙyandar biri da zazzaɓin Lassa da korona, Ghana ma ta ɗauka. Haka nan a yaƙin da aka yi da shan inna, wanda ya kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a Agustan 2020, masu sa ido da yawa da ODK, wata buɗaɗɗiyar manhajar tattara bayanai, suke aiki a wayoyinsu. Ana tsara tambayoyin a takardar Excel, a ɗora a waya, ma'aikaci ya shiga ƙauyen da babu sabis ya cike, wayar ta ɗauki lokaci da wurin da yake tsaye, sai ya fito inda akwai sabis bayanan su tafi. An gina ta ne da sanin cewa akwai wuraren da babu intanet, abin da kamfanin da kasuwarsa take Turai ba lallai ya dame shi ba.

Sai dai kada in yi maka zaƙin baki. Manhaja ba ta gyara ƙarya. Idan ma'aikaci ya zauna a gindin bishiya ya ƙirƙiro alƙaluma, DHIS2 za ta zana masa su a jadawali mai kyau kamar na gaskiya. Abu na biyu kuma ya fi wannan ciwo. Na taɓa aiki a wani shiri da wata ƙungiyar agaji ta kafa mana tsarin bayanai a kan buɗaɗɗiyar manhaja, amma babbar kwamfutar ajiyar, wato saba, tana hannun ɗan kwangilarsu, kalmar sirrin shiga ma tana wurinsa. Da wa'adin tallafin ya ƙare, aka daina biyan kuɗin sabar, muka wayi gari shafin ba ya buɗewa, kuma babu ko mutum ɗaya a ma'aikatar da aka koya wa yadda ake kwafe bayanan. Lasisin ya ba mu 'yancin komai, amma ba mu da wanda zai yi amfani da 'yancin. Dakatar da tallafin Amurka da aka yi a Janairun 2025 ya tona irin wannan rauni a ƙasashe da yawa.

Shawarata ga kwalejinku ita ce, ko ba ku sauya komai ba, ku sanya DHIS2 da ODK, ko makamanciyarta KoboToolbox, cikin abin da ake koya wa ɗalibai da hannu. Ba za ku biya lasisi ba, kuma ɗalibin da ya fito ya iya su ya riga takwarorinsa samun abin yi.

Alhaji Garba, Sakkwato

Na karanta bayanan Injiniya da na Hajiya, Allah Ya saka musu da alheri, amma ni akanta ne, kuma ina ganin ba a yi wa ma'ajin kwalejin adalci ba. Tambayarsa ita ce tambayar da duk mai riƙe da amanar kuɗi zai yi: idan abu ya tsaya ana saura kwana biyu a fitar da sakamako, wa za a kira, kuma wace takarda ce ta ɗaure shi ya zo? Kamfani komai tsadarsa yana da ofis da lambar waya da yarjejeniya. Matashin malamin nan da ya kawo shawara kuwa, idan ya sami gurbin ƙaro karatu ko wani banki ya ɗauke shi, wa zai gaje shi? A garuruwanmu masu gyaran kwamfuta da suka iya Windows sun fi a ƙirga, wanda ya iya Linux kuwa sai an tona.

Sannan a dubi kasuwar da ɗalibai za su shiga. Duk tallar aikin ofis Word da Excel ake tambaya. Shagunan buga takardu da masu zanen kalanda da katin biki da CorelDraw suke aiki, malaman jami'a da yawa kuma manhajar nazarin alƙaluma ta SPSS suke buƙata a kundin bincike. Takardar da aka tsara a LibreOffice takan sauya fasali idan aka buɗe ta a Word, jadawali ya goce, shafi ya ƙaru, wanda ya karɓa kuma ba zai yi maka uzuri ba. Wata firintar ma sai an sha fama kafin ta yarda da Linux.

Ba kuma mu kaɗai ba ne. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya kwashe shekaru goma yana aikin har ya sauya kwamfutoci kusan 15,000, amma a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Afirka ta Kudu ta amince da manufar fifita buɗaɗɗun manhajoji a 2007, duk da haka ofisoshin gwamnatinta ba su rabu da Microsoft ba. Idan masu wutar lantarki da ƙwararru sun yi tuntuɓe, ina ga mu? Zancen tsaro ma yana da fuska biyu. A 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a manhajar OpenSSL, wadda shafukan intanet masu ɗimbin yawa suka dogara da ita wajen ɓoye sirri, sai ga shi mutane ƙalilan ne suke kula da ita da ɗan tallafin da bai taka kara ya karya ba. Kowa yana da izinin duba tushen, amma kowa ya ɗauka wani ne yake dubawa.

Ban ce kada a yi ba. Cewa na yi a rubuta kuɗin horarwa da albashin mai kula da kuɗin saba da na wuta a takarda ɗaya da kuɗin lasisin da ake gudu, sannan a kwatanta.

Malam Habibu, Gusau

Na gode ƙwarai, Injiniya, Hajiya da Alhaji. Maganar Alhaji ita ce kusan kalma da kalma abin da ma'ajinmu yake faɗa, labarin sabar da Hajiya ta bayar kuma ya sa na fahimci cewa matsalar riƙon bayanai tana iya samun mu ta kowace hanya muka bi. To, idan makaranta ba ta da ƙarfin ɗaukar ƙwararre na musamman, ta ina ya kamata ta fara? Kuma yaya za mu karɓo bayanan ɗalibanmu daga hannun kamfanin da muke hulɗa da shi yanzu ba tare da an yi baram-baram ba?

Malam Isufu, Maraɗi

Kafin Injiniya ya amsa wa Malam Habibu, ina son in ƙara wani ɓangare da ba a taɓo ba, wato harshe. Ni malamin makaranta ne a nan Nijar, inda kwamfuta takan zo mana da Faransanci kamar yadda take zuwar muku da Ingilishi. Kamfani yana fassara kayansa ne zuwa harshen da ya ga zai mayar masa da kuɗinsa, kuma ko ya fassara, shi ke da ikon ci gaba ko dainawa. A buɗaɗɗiyar manhaja kuwa fayilolin fassara a fili suke, malamai biyar da suka san Hausa za su iya zama su fassara, ba tare da neman izinin kowa ba. Mun daɗe muna fama da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da mu muke rubutawa a nan inda ku kuke sanya 'y. Manhajar Keyman ta ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, wadda yanzu buɗaɗɗiya ce, tana ba mutum damar tsara allon rubutu na harshensa a kwamfuta da waya. Ita dai wannan ƙungiya ta fitar da salon haruffan ajami mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun hannu irin na Kano da kewayenta, aka kuma sake shi da buɗaɗɗen lasisi, ta yadda mai buga littafin ajami a Zinder ko Zariya zai yi amfani da shi ba tare da ya biya kowa ba. Babu babban kamfanin da zai ɗauki wannan aiki don riba.

Abu na biyu shi ne karatu inda babu intanet. Da buɗaɗɗiyar manhajar Kiwix ana sauke Wikipedia gaba ɗayanta, ta Hausa ko ta Faransanci ko sashen likitanci kaɗai, a ajiye a kwamfuta guda, sauran kwamfutocin ɗakin su riƙa karantawa daga gare ta ba tare da an sayi data ba. Ga kwalejin lafiya wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ga Alhaji Garba kuma, cikin girmamawa, ina ganin ƙarancin masu iya Linux da ya ambata hujja ce ta koyar da shi, ba ta guje masa ba. Yaron da aka koya wa danna maɓallan Word ya iya Word ne kawai. Wanda aka ba manhajar da zai iya buɗe cikinta, ya ɓata, ya gyara, ya aika gyaransa ga masu ita a wata nahiya su duba su karɓa ko su mayar masa da dalili, wannan yana koyon sana'ar ne a hannun ƙwararrun duniya yana zaune a Maraɗi. Jihar Kerala da Hajiya ta ambata ta mayar da makarantun gwamnatinta kan Linux tun shekarun 2000, kuma da horar da malaman aji ta fara, ba da sayen na'urori ba.

Injiniya Bashir, Kaduna

Alhaji ya yi gaskiya a kan lissafi, kuma takardar da ya ce a rubuta ita ce ya kamata kwamitinku ya fara da ita. Inda na saɓa da shi shi ne inda kuɗin yake zuwa. Kuɗin lasisi da dala ake biya, ya fita ƙasar, baɗi a sake biya. Kuɗin kula da buɗaɗɗiyar manhaja da naira ake biya, ga wani matashi ko ƙaramin kamfani a Gusau ko Kaduna, kuma idan bai yi aiki ba kuna iya sallamarsa ku kawo wani ya ɗora daga inda ya tsaya, tunda tushen ba nasa ba ne. Yarjejeniyar da ma'aji yake nema ana iya ƙulla ta da irin wannan kamfani, a rubuta awannin da zai amsa kira da tarar da zai biya idan ya saɓa. Labarin Munich ma bai ƙare a 2017 ba, domin a 2020 sabuwar majalisar birnin ta sake bayyana fifita buɗaɗɗun manhajoji, a 2024 kuma jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice. Game da tsaro, a Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano wata ƙofar sirri da aka dasa a buɗaɗɗiyar manhajar matse fayiloli ta xz kafin ta yaɗu, saboda ya ga shiga wata kwamfuta yana ɗan jinkiri ya bi tushen ya duba. A rufaffiyar manhaja ba shi da abin da zai duba.

Malam Habibu, kada ku sauya komai a rana ɗaya, kuma kada ku fara da ofishin ma'aji. Ku fara ɗora LibreOffice da manhajar shiga intanet ta Firefox a kan Windows ɗin da mutane suka saba da shi, su yi zango guda suna aiki da su. Daga nan ku mayar da kashi biyu bisa uku na ɗakin kwamfutoci kan Linux Mint, ku bar sauran da halastaccen Windows saboda darussan da ba su da makawa sai da shi. Takardar da za ta fita waje a mayar da ita PDF, wannan yana kashe matsalar gocewar jadawali. Mutum biyu aƙalla za a horar, ɗaya daga cikinsu ma'aikacin dindindin wanda ba ya shirin tafiya, kuma duk abin da aka saita a rubuta shi a littafi, kalmomin sirri a sanya su a ambulan a ajiye a ofishin magatakarda.

Batun kamfanin kuwa, yanzu da kuke biya ne kuke da bakin magana, don haka kada ku jira lasisi ya ƙare. Ku rubuta musu a hukumance kuna neman cikakken kwafin bayananku a tsarin CSV, wato jadawalin da kowace manhaja za ta iya buɗewa, ko kwafin rumbun bayanan gaba ɗaya, tare da bayanin abin da kowane ginshiƙi yake nufi, ku kuma sanya wannan a matsayin sharaɗin sabunta lasisi na shekara ɗaya. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora nauyin bayanan ɗalibai a wuyan wanda ya tattara su, wato kwalejin, don haka buƙatar ba ta neman alfarma ba ce. Idan kwafin ya zo, ku zaɓi ɗalibai ashirin daga shekaru daban-daban, ku gwada makinsu da abin da ke cikin fayilolin takarda, sannan ku bar tsohuwar manhajar da sabuwar su yi aiki tare har a fitar da sakamakon zango ɗaya kafin ku rufe tsohuwar.